Makullin Tsohon Cocin Norway

Ina cikin shekarata ta uku da fara tuƙi a Riyad aka ce in kawo fasfo za a yi mini biza, zan raka masu gida hutu ƙasar Norway. Ban yi murna ba. Abin da ya fara zuwa raina shi ne, me suke nufi? Ni haka Allah ya yi ni, in ka miƙo mini abu sai na juya shi na duba ƙarƙashinsa, kuma zaman Riyad bai rage mini wannan hali ba, ƙara shi ma ya yi.

Mai gidan da nake wa aiki tsohon ɗan kwangilar gini ne da ya ajiye aiki. Gwiwoyinsa sun ƙi, sai a keken guragu. Baba muke ce masa, kamar yadda kowane direba a can yake kiran mai gidansa, amma a nan Tsoho zan riƙa ce masa. Sunan babban ɗansa ne a kan igamata, takardar izinin zama, wato shi ne kafilina, mutumin da zamana a ƙasar yake hannunsa. Mu biyu ne direbobin gidan, ni da Kawu, wan mahaifiyata, wanda ya shekara goma sha tara yana tuƙa su. Shi ya kawo ni daga Kazaure, kuma ɗaki ɗaya muke kwana, wani ɗan ƙaramin ɗaki a bakin ƙofar gida.

Dalilin tafiya da ni bai wuce biyu ba. Tsoho ba ya yarda kowa ya ɗaga shi daga keke zuwa mota sai ni, sannan ina jin Turanci daidai gwargwado. Kafilina kuwa bai so ba ko kaɗan. Ina wanke mota na ji shi ta tagar falo yana ce wa mahaifinsa baƙin mutum in ya taka Turai kafin jakunkuna su fito ya ɓace. Da yamma ya sa aka kira Kawu, suka daɗe a ciki. Da Kawu ya dawo ɗaki sai ya zauna a bakin katifa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, "Na tsaya maka. In ka gudu, aikina ya tafi tare da kai. Haka muka yi da shi."

Na ce, "Haba Kawu, in gudu in je ina? Wa na sani a can?"

Ya ce, "Ni dai na faɗa maka."

Ranar Juma'a mukan je unguwar Manfuha, wani gida da 'yan garinmu suke haya, mu ci tuwo mu yi hira har la'asar. A wannan Juma'ar labarina ya riga ni isa. Akwai wani mai aikin gini a cikinsu, bakinsa ba ya shiru, ya tare ni tun daga matattakala yana cewa ga Bature, ga Bature. Da muka zauna sai ya matso ya rage murya, amma yadda kowa zai ji, ya ce in dai ni ba sakarai ba ne kada in dawo. Wai a can ko fasfo ba ka buƙata, ka miƙa kanka kawai, su ba ka ɗaki su ba ka abinci. Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na kalle shi na ce a raina, wannan turo shi aka yi ya ji cikina. Na kalli Kawu, yana ta cin tuwonsa bai ɗago kai ba, na ce to ko shi ne ya turo shi. Ka ji irin tunanin da na tafi da shi.

Tun daga filin jirgi kafilina ya karɓe fasfona ya sa a wata 'yar jaka da yake ɗaurewa a ƙugu, ko bayi zai shiga da ita yake shiga. Layin wayata bai yi aiki a can ba, shi kaɗai ya sayi layin ƙasar, don haka wayata ta zama agogo da kyamara. Matan gidan suka tsaya a babban birni wajen kantuna. Mu uku, ni da Tsoho da kafilina, muka ɗauki motar haya muka nufi wani ƙauye da Tsoho ya daɗe yana kallon hotunansa a littattafai.

Ƙauyen a bakin abin da suke kira fiyod yake. Teku ne ya kutso tsakanin duwatsu ya yi nisa cikin ƙasa, in ka gan shi sai ka rantse kogi ne, sai ka ɗanɗana ka ji gishiri. Duwatsun namu na Kazaure in aka kai su can sai dai a kira su tuddai. Ruwa yana zubowa daga samansu ba dare ba rana, ba mai tara ko bokiti ɗaya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan bayan shekara uku ina sayen ruwan sha a galan. Gidajen na katako ne, farare da jajaye, ba katanga, ba mai gadi. Kekuna a jingine ba sarƙa. A bakin hanya za ka ga tebur da kwandunan 'ya'yan itace, ba kowa a wurin, ka ɗauka ka ajiye kuɗi ka wuce. Tsoho ya ce masha Allah. Ni kuwa na riƙa ɗaga kai ina neman inda suka ɓoye kyamara, don ban yarda akwai garin da mutane suka yarda da juna haka ba tare da wani yana leƙe ba.

Da safe muka je wani tsohon gida na manyan masu ƙasa na da, wanda aka mayar wurin kallo. Farin gida ne mai hawa biyu a tsakiyar lambun furanni, bayansa dutse, gabansa ruwa. A ƙofa aka ba mu wasu manyan silifas na ulu mu sa a kan takalmanmu don kada mu ɓata daɓen katako, har tayoyin keken Tsoho sai da wata budurwa mai yi mana jagora ta goge da tsumma. Ɗakunan a jere suke, kowanne da launinsa, kowanne da murhun ƙarfe dogo a kusurwa. Gadajensu gajeru ne ƙwarai, budurwar ta ce mutanen da a kishingiɗe suke barci. A bango zanen fuskokin masu gidan ne, kaka da jika, duk da dogon hanci, duk suna kallona. A kan teburin cin abinci an jera cokula na azurfa kamar yanzu za a kawo miya, ba gilashi a kai, igiya kawai aka ja.

Tun da na ga cokulan nan ban ƙara sakin hannun keken ba. Na riƙe shi da hannu biyu yadda kowa zai gani. Mu biyar ne a zagayen, da wasu Turawa biyu mata da miji, kuma ni kaɗai ne baƙar fata a gidan, mai yiwuwa a ƙauyen gaba ɗaya. In cokali ɗaya ya yi ƙafa na san aljihun da za a fara dubawa. Budurwar tana yi mini murmushi, ni ina cewa a raina, ƙirga ni take yi. Kafilina kuma yana bayana taku biyu, ba ya kallon zane ba ya kallon murhu, ƙeyata yake kallo.

Tsoho shi kaɗai ne ya ji daɗin gidan. Mahaifinsa kafinta ne, mai yin ƙofofi, don haka duk inda katako ya haɗu da katako sai ya ce in tsaya. Ya shafa, ya ƙwanƙwasa, ya sa in tambayi budurwar da me suka haɗa nan, ina ƙusa, wane itace ne. Ina juya masa amsar da guntun Larabcina, yana gyaɗa kai yana cewa, "Shuf, shuf," wato duba ka gani. Ita ce ta ba shi labarin wani ƙaramin coci na dutse a bayan tudu, ta ce ya fi gidan tsufa nesa ba kusa ba, kuma ƙofarsa kaɗai ta isa a je dominta. Ta ce a kulle yake, amma makullin yana jan gidan da ke ƙasa da shi, duk mai so ya je ya karɓa.

Kafilina ya ce ba za mu shiga coci ba. Tsoho ya ce shi ƙofa zai je gani ba ibada ba, wanda ba ya so ya zauna a mota. Ni ba a tambaye ni ba. Ban taɓa shiga coci ba a rayuwata, ko na Sabon Gari da nake wucewa ta gabansu a Kano. Amma keke ba ya tura kansa.

Bayan azahar muka isa. Cocin ɗan ƙarami ne, fari, bangonsa ya kai kamu biyu kauri, kaburbura sun kewaye shi da furanni a kansu. Aka tura ni karɓo makulli. Na bi wata 'yar hanya ta cikin ciyawa, tafiyar minti biyar, na ƙwanƙwasa jan gidan. Wata mata ta fito, za ta yi shekara sittin, da takalmin roba da furfura a tsefe. Ina cikin haɗa bayanin ko ni wane ne, wa ya aiko ni, sai ta miƙa hannu bayan ƙofa ta ciro wani makulli na ƙarfe, tsawonsa ya kai tafin hannuna, ta ɗora mini. Ba ta tambayi sunana ba. Ba ta nemi takarda ba. Ta nuna mini wata ƙusa a jikin bangon shirayinta ta ce in mun gama in rataye shi a nan, ita za ta fita. Ta rufe ƙofa.

Na tsaya da ƙarfen nan a hannu kamar wanda aka ba ajiyar maciji. Tabɗi! Makullin ɗakin ibadarsu, wanda suka ce ya yi ɗaruruwan shekaru, a ba baƙon da ba a san daga ina ya faɗo ba? Na ce ko dai matar ba ta da cikakken hankali, ko kuwa gwada ni ake yi.

Sai da na sa hannu biyu makullin ya juya. Ƙofar kuwa gaskiyar budurwar ce. Katako ne baƙi mai kauri, an yi masa ado da ƙarfe mai lanƙwasa kamar reshen kabewa, Tsoho ya fi minti ashirin a gabanta kafin ya yarda mu shiga. Ciki sanyi, da warin tsohon itace da kyandir. Na tsaya a bakin ƙofa zan cire takalmi, don jikina bai san yadda ake shiga ɗakin ibada da takalmi ba, ko na wane ne. Tsoho ya yi dariya ya ce in bar shi, su ba sa cirewa. Bencina ne a jere, kowanne da 'yar ƙofarsa, da mumbari mai zane, da wani ɗan jirgin ruwa na katako a rataye daga rufi. A gaba akwai alkukai biyu na tagulla, manya, suna ƙyalli. Na nuna wa Tsoho su da baki na ce, "Baba, ka shaida, guda biyu ne, kuma guda biyu muka bari." Ya ce ni mutum ne mai wahalar da kansa.

Muka fito, na kulle, na ja ƙofar sau uku. Na ɗaga Tsoho na sa a mota, na naɗe keke na sa a but. Kafilina yana kujerar gaba yana danna waya, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Yalla, minti biyar," wato in yi maza in mayar da makulli. Yadda ya faɗa ya ƙona mini rai, na tafi ina ƙunƙuni.

Matar ba ta nan, kamar yadda ta faɗa. Ga ƙusa. Na ɗaga makullin zan rataye, hannuna ya ƙi. Mu a gida ba a mayar da ajiya a jikin bango. Wanda ya ba ka da hannunsa, a hannunsa za ka mayar, ya gani, ka gani, in da hali ma wani na uku ya gani. Riyad kuma ta ƙara mini karatu: direba ba ya ajiye makulli a kan tebur ya ce ai na ajiye, don ranar da abu ya ɓata ba tebur za a tambaya ba. Na hango abin tiryan-tiryan. In rataye in tafi, wani ya zo ya ɗauka, gobe a wayi gari ba alkuki ɗaya, matar ta ce wani baƙin mutum ta ba. A tsayar da mu a filin jirgi. Kafilina ya kalli mahaifinsa ya ce ai na faɗa maka. Daga nan sai aikin Kawu. Wallahi don aikin Kawu na ƙi rataye makullin nan.

A gidan da ke kusa akwai wani dattijo yana fentin shinge. Na tambaye shi matar, ya ce ta gangara tashar jirgin fito, tana sayar da kayan lambu a can da yamma, ya nuna mini da burushi. Na hango tashar, ga ta nan ƙasa kamar in yi jifa ya kai. Ya ce in rataye a ƙusa mana, kowa haka yake yi. Na yi masa godiya na ce a raina, har da kai a ciki ke nan. Na yi tunanin komawa mota in faɗa musu, sai na tuna "yalla, minti biyar", na san zai ce in jefar a ƙusa mu tafi. Na ce bari in ruga in dawo, minti goma ne.

Hanyar ƙasar nan maƙaryaciya ce. Abin da ido ya gani kusa, ƙafa sai ta zagaya gona, ta haye gada, ta koma baya, ta sake gangarowa. Duk kwanar da na sha sai in ce wannan ce ta ƙarshe. Na wuce gonar tuffa, na wuce makaranta, na wuce wani cocin kuma, na katako, baƙi ƙirin da kwalta, mai rufi hawa-hawa, wanda ko tsayawa kallonsa ban yi ba. Da na duba waya na ga na yi minti arba'in. Komawa hawa ne, gaba gangara. A nan ne na sa hannu a aljihu na ji wani makullin, na mota. Ɗabi'ar direba, na kashe na zare na sa a aljihu ban sani ba. Na ce innalillahi. Na bar tsoho mara ƙafa da ɗansa a gefen maƙabarta, a motar da ba za ta tashi ba. Na sa gudu.

Na same ta a wata 'yar rumfa a bakin ruwa, tana ba wasu yara canji. Na tsaya ina haki, gumi ya jiƙa mini riga a wannan sanyin, na miƙa mata makullin da hannu biyu. Ta kalle shi, ta kalle ni. Ta ce ba ka ga ƙusar ba? Na ce na gani. Ta ce to me ya faru? Na ce ina so ta shaida na dawo da shi, kuma alkukai biyu suna nan. Ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta raini ba ce, ta karɓa ta ajiye shi a kan tebur kusa da kwandon tuffa, a fili, inda kowa zai iya ɗauka, ta juya wajen mai saye na gaba. Duk wahalar da na sha ke nan. Ta ce in jira ta sallami mutanen jirgi, za ta mayar da ni a motarta.

Abin da zan faɗa yanzu na daɗe ban faɗa wa kowa ba sai mutum ɗaya. Jirgin fiton yana tsaye, ya sauke bakinsa, motoci suna shiga, masu ƙafa suna shiga, ba mai tambayar kowa komai. Tsakanina da bakin jirgin bai fi taku goma ba. Ba kafili a bayana, karo na farko cikin shekara uku. Na ji maganar mai aikin ginin nan a kunnena, na kalli ƙetaren ruwan, wani ƙauyen ne da fararen gidaje. Na ce a raina, ai yanzu ko na koma ya riga ya yanke mini hukunci. Na matsa taku biyu ko uku. Ban shiga ba, kuma ban juya ba. Ina nan tsaye har suka ɗage bakin jirgin ya ja baya.

Da matar ta sauke ni a gaban cocin an fi awa biyu da tafiyata. Kafilina yana tsaye a tsakiyar hanya da waya a kunne. Da ya gan ni ya sauke wayar a hankali, fuskarsa ta yi wani iri, ba fushi ba ne kawai, har da kunya. Matar ta yi masa bayani da Turanci tana dariya, tana cewa ba ta taɓa ganin mai riƙon amana irina ba. Na buɗe ƙofar baya, Tsoho ya kalle ni ya ce, "Na ce masa za ka dawo. Yanzu kai ni bayi, na matsu." Na kai shi, ina ba shi haƙuri, kunya kamar ta kashe ni.

Sauran kwana shida na tafiyar kafilina bai ce mini uffan ba sai dama da hagu. Mun ƙara shiga wani tsohon gidan da coci biyu, ban tuna komai a cikinsu ba. Sau biyu na roƙe shi aron waya in gaida Kawu, ya ce ba caji. A nan na fara zargin akwai abin da ba a faɗa mini ba, kuma wannan karon zargina bai yi ƙarya ba.

Muka sauka Riyad cikin zafin da yake dukan fuska kamar an buɗe tanda. Direban haya ne ya zo ɗaukar mu, ba Kawu ba. A ɗakinmu na bakin ƙofa katifarsa tana nan, amma ba akwatinsa, ba dardumarsa, ba butarsa. Mai kula da lambun gidan ne ya ce mini in neme shi a Manfuha.

Na same shi bayan la'asar a gidan 'yan garinmu, shi kaɗai a ɗaki, sauran suna wurin aiki. Yana ɗaure wani kwali da igiya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambaye ni hanya, ya tambayi jikin Tsoho. Sannan ya ba ni labari ba tare da ya ɗaga murya ba. A ranar nan kafilina ya bugo wa ƙaninsa da ya rage a gida ya ce na gudu. Ƙanin, wanda Kawu ya riƙa kaiwa makarantar firamare, ya kira shi bakin ƙofa a gaban ma'aikatan gidan da direbobin maƙwabta, ya karɓe makullin mota da na ɗaki, ya ba shi awa ɗaya ya kwashe kayansa. Kafin magariba suka bugo suka ce shi ke nan, an gan ni, Kawu ya dawo bakin aiki. Bai koma ba. Ya ce su yi masa takardar fita ta dindindin, gida zai tafi.

Na ce, "Kawu, don Allah ka koma. Tsoho da kansa zai ba ka haƙuri. Laifina ne, amma wallahi ba gudu na yi ba."

Na kwashe labarin makulli na ba shi, da ƙusa, da alkukai, da hanyar da ta yaudare ni. Na ce don kada a taɓa aikinsa na yi. Ya saurara har na gama, yana riƙe da bakin igiyar.

Ya ce, "Na yarda ba ka gudu ba, ga ka nan. Abu ɗaya zan tambaye ka, tsakaninka da Allah. Ka yi tunaninsa?"

Na ce, "Kawu, ai na dawo."

Ya ce, "Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Da na yi ƙarya da ya yarda, na sani. Amma ya ce tsakanina da Allah, kuma idonsa irin na mahaifiyata ne. Na ce masa akwai jirgin fito, na tsaya a bakinsa. Ya ce har yaushe? Na ce har ya tashi.

Ya gyaɗa kai, ya ƙarasa ƙullin igiyar, ya ja ya ga ya yi ƙarfi. Sannan ya ce ranar da kafilina ya kira shi falo, ba aikinsa kaɗai ya ajiye ba. An ce masa baki ba ya isa, sai ya rantse. Ya rantse da Allah cewa ɗan ƙanwarsa ba zai gudu ba, ko tunanin gudu ba zai yi ba. Kuma a bakin ƙofa, lokacin da ake karɓe masa makulli, ya sake maimaita rantsuwar a gaban kowa.

Ya ce, "To, kaffara ta hau kaina. Ba ni da abin ciyarwa yanzu, azumi uku zan yi."

Na ce a tambayi malamai tukuna, mai yiwuwa irin wannan ba ta da kaffara, tunani ne kawai ya zo ya wuce. Ya ce shi ya san abin da ya rantse a kai. Na fashe da kuka a gabansa, ni da nake da 'ya'ya biyu a gida, bai hana ni ba kuma bai rarrashe ni ba.

Washegari ya tashi da azumi, a wannan zafin, yana da shekara sittin da 'yan kai. Na zo da rana na ce masa ni ma na ɗauka, zan taya shi har ukun. Ya ce in je in sha ruwa, ba ni na yi rantsuwar ba.